Ruwan da ke shiga teku ta ƙarƙashin ƙanƙara: nazari a kan Sermeq Kujalleq

Wanda ya saba bin gadar Third Mainland daga Oworonshoki ya san ruwan lagun ɗin Legas ba ya zama da kama ɗaya duk shekara. Idan damina ta kankama, Kogin Ogun ya kawo, sai ruwan ya yi jaja-jaja, gishirinsa ya ragu, ciyawar nan mai iyo ta toshe wajajen Ikorodu ta hana kwale-kwale sakat. Da rani kuma teku ta turo ta mashigar jiragen ruwa, zartsi ya dawo, ciyawar ta mutu. Doka ɗaya ce ke aiki a nan: ruwan daɗi bai kai ruwan gishiri nauyi ba. Lita 1,000 ta ruwan daɗi kilo 1,000 ce, ta ruwan teku mai sanyi kuwa wajen kilo 1,027. In sun haɗu, na daɗin ne a sama.

A Legas ruwan daɗi ta sama yake shiga, ya kwanta abinsa. Akwai inda ta ƙasa yake shiga, a zurfin ɗaruruwan mita, kuma wannan bambancin na ƙofar shiga shi ke sauya komai: yadda ƙanƙara ke narkewa, abin da kifi ke ci, da yawan ruwan da ke ƙaruwa a tekun da ke dukan gaɓar Lekki. Wurin da aka fi sa wa ido a wannan fanni yana yammacin Girinlan, babban tsibirin nan da ƙanƙara ta lulluɓe a can arewacin duniya.

Wurin

Sermeq Kujalleq, wanda Turawan Danmak ke kira Jakobshavn, kogin ƙanƙara ne. Ƙanƙara ce mai kaurin fiye da kilomita guda a wasu wurare, tana gangarowa a hankali daga tsakiyar tsibirin zuwa teku, tana kwaso kusan kashi 6.5 cikin 100 na shimfiɗar ƙanƙarar Girinlan. Bakinsa ba a tudu yake ƙarewa ba. Yana tsaye ne cikin wani dogon kwazazzabo da ruwan teku ya cika, irin wanda ake kira fiyod, mai zurfin wajen mita 800, wanda ya miƙe gomman kilomita har ya faɗa mashigin tekun Disko daf da garin Ilulissat. Sunan garin ma a harshen mutanen wurin yana nufin curarrukan ƙanƙara masu iyo. A 2004 UNESCO ta sa fiyod ɗin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abu ɗaya game da siffar wurin ya kamata a riƙe tun yanzu. A bakin fiyod ɗin akwai tudu a ƙarƙashin ruwa, kamar dokin ƙofa, wanda zurfin ruwan da ke kansa bai wuce mita 250 ba. Manyan curarruka a nan suke maƙalewa su yi watanni. Sannan duk ruwan tekun da zai shiga ciki dole ya tsallaka wannan dokin ƙofar.

Yadda ruwan ke kaiwa ƙasa

Daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a wannan yanki, daga Yuni zuwa Agusta kuma saman ƙanƙarar yana narkewa. Ruwan yana taruwa ya yi ƙoramu da tafkuna shuɗaye a bisa ƙanƙara. Ba ya bin sama har teku. Yana samun tsaga ya kutsa, ya huda rijiya miƙaƙƙiya har zuwa dutsen da ƙanƙarar ke kwance a kai. A watan Yulin 2006 masu bincike sun ga wani tafki a wannan yanki, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5, ya tsiyaye ta cikin ƙanƙara mai kaurin mita 980 a ƙasa da awa ɗaya da rabi.

A can ƙasa, farkon lokacin narkewa ruwan yana bazuwa ko'ina tsakanin ƙanƙara da dutse, yana yi mata aikin man giris. Da ya yawaita sai ya haƙa wa kansa manyan magudanai, ya riƙa fita ta ƙofa ɗaya ko 'yan kaɗan a gindin bangon ƙanƙarar da ke fuskantar teku. Yana fita da sanyin digiri 0, babu gishiri, ɗauke da garin dutse mai laushi da ƙanƙara ta niƙa. A tsakiyar lokacin narkewa an ƙiyasta abin da ke fita ta ƙarƙashin Sermeq Kujalleq ya haura mita kubik 1,200 a kowace daƙiƙa. In aka auna da tankar mai ta lita 33,000, irin waɗanda ke layi a Apapa, tanka 36 ke nan kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu.

Ginshiƙin da ke tasowa

Ruwan da ya fi abin da ke kewaye da shi sauƙi da kilo 27 a kowace mita kubik, kuma yana da mita ɗaruruwa na ruwan gishiri a kansa, ba ya zama. Yana harbowa sama kamar ginshiƙi, yana goga jikin bangon ƙanƙara, da gudun da kan kai mita ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. Da yake hawansa ba a natse yake ba, gefensa na murɗawa yana jawo ruwan tekun da ke kusa. Kowace mita da ya hau sai ya ƙara kauri, ya ƙara gishiri, ya ƙara nauyi. A fiyod ɗin Sermilik da ke gabashin Girinlan an ƙiyasta cewa ruwan tekun da ake jawowa ya ninka ruwan narkewar kusan sau 30.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Ana ɗauka tasirin ruwan ƙanƙara yana cikin abin da ya ɗauko. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ruwan narkewar ɗan kaɗan ne cikin abin da ke isa sama. Aikinsa na famfo ne, yana ɗaga ruwan da ke kwance a ƙasan teku. Kuma idan aka ɗaga ruwa daga ƙasa, dole wani ya shigo ya maye gurbinsa. Shi ya sa a lokacin zafi ruwan Disko ke tsallako dokin ƙofar nan ya gangara cikin fiyod ya nufi gindin ƙanƙara, yayin da cakuɗaɗɗen ruwan da ya taso ke fita ta sama.

Ginshiƙin ba lallai ya ɓullo a fuskar ruwa ba. Saman fiyod yana da nasa ruwan mara gishiri sosai, daga narkewar curarruka da ƙoramun tudu. Idan ginshiƙin ya haɗiyi ruwan gishiri har nauyinsa ya yi daidai da na wani mataki, a nan zai tsaya ya bazu a kwance, ko da saura mita 50 ko 100 ya kai sama. Wanda ke kallon hoton tauraron ɗan'adam zai ce babu abin da ke faruwa.

Abin da yake yi wa ƙanƙarar

A tekun yammacin Girinlan ruwa mai ɗumi a ƙasa yake, mai sanyi a sama, akasin abin da aka sani a Tekun Gini. Na saman daga yankin Atik, wato ƙuryar arewacin duniya, yake zuwa, sanyinsa ya kai digiri 0 ko ƙasa, amma gishirinsa kaɗan ne. Na ƙasan reshe ne na ruwan Atlantika da ya zagayo ta tekun Irminger da ke kudu maso gabashin Girinlan, ɗuminsa digiri 2 zuwa 4, gishirinsa ya fi yawa, don haka ya nutse.

Digiri 2 ba ɗumi ba ne a wurin mutumin da ke fama da zafin Agege, amma lissafin ƙanƙara daban ne. Ruwan teku yana daskarewa a digiri 1.9 ƙasa da sifili, kuma matsin zurfi yana ƙara saukar da wannan ma'auni. A mita 800 ya kai wajen 2.5 ƙasa da sifili. Ke nan ruwa mai digiri 2 yana da rarar digiri huɗu da rabi da zai kashe wajen narkarwa. Idan ruwan a tsaye yake, ɓarnar kaɗan ce, domin narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cinye zafin da zai sauke kilo 80 na ruwa da digiri ɗaya. Nan da nan ruwan da ke jikin bangon ya huce ya zama garkuwa. Mai sayar da ƙanƙarar bulo ya san wannan: wadda aka ajiye cikin ruwa a kula tana daɗewa, wadda aka sa ƙarƙashin famfo kuwa ba ta kai ko'ina. Ginshiƙin nan shi ne famfon. Yana share garkuwar, yana kawo sabon ruwa mai ɗumi ba tsayawa, har ya ci mita da yawa na bangon a rana ɗaya a inda yake gogawa.

Da yake ta gindi yake ci, bangon yana zama da rumfa, saman ya rasa matokari, ya tsage ya faɗa. Narkewar da kanta ba ita ce babbar asara ba. Karyewar da take jawowa ta fi ta.

Tarihin wurin ya nuna wannan a fili. Har zuwa shekarun 1990 Sermeq Kujalleq yana da harshe mai iyo, tsawonsa wajen kilomita 15, wanda ya tokare da bangon fiyod yana yi wa kogin birki. A 1992 gudunsa wajen kilomita 6 ne a shekara. A 1997 ruwan ƙasan tekun yammacin Girinlan ya ƙara ɗumi da fiye da digiri ɗaya, abin da aka gano daga bayanan da jiragen binciken kamun jatan lande suka tara. Harshen ya sirance daga ƙasa, ya wargaje tsakanin 2000 da 2003, gudun ya ninka ya haura kilomita 12. A bazarar 2012 ya kai kilomita 17 a shekara, wato mita 46 a rana. Sai kuma a 2016 ruwan Disko ya yi sanyin da rabon a gani tun shekarun 1980. Kogin ya rage gudu, bakinsa ya ƙara kauri, ya ɗan matso gaba har zuwa 2019, kamar yadda shirin binciken NASA mai suna OMG ya auna. Daga baya ɗumin ya dawo, ja da bayan ya ci gaba. Mabuɗin duk wannan yana wuri ɗaya: ɗumin ruwan da ke daidai zurfin dokin ƙofa.

Abin da yake yi wa kifi

Ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani, waɗanda duk abincin teku ke farawa daga kansu, suna buƙatar haske da taki. Takin da ya fi ƙaranci a wannan teku shi ne naitiret, ɗan'uwan abin da manomi ke nema a buhun yuriya. Da ƙanƙarar saman teku ta buɗe a watannin Afrilu da Mayu, tsirran suna yin yabanya ɗaya mai ƙarfi su cinye takin da ke sama. Daga nan sai yunwa: haske na nan dare da rana, takin kuwa yana can ƙasa inda haske ba ya kaiwa, ruwan sama mara nauyi ya rufe shi.

Ruwan ƙanƙara shi kansa ba shi da naitiret na a-zo-a-gani. Yana da ɗan ƙarfe da silika daga garin dutse, amma mafi yawan ƙarfen yana dunƙulewa ya nutse da ya haɗu da gishiri. Takin na gaske yana cikin ruwan zurfin da ginshiƙin ya ɗago. Shi ke sa a sami yabanya ta biyu a Yuli da Agusta, daidai lokacin da narkewa ta fi ƙarfi. Wani nazari da aka wallafa a 2025, wanda aka yi da manhajar kwaikwayon teku ta ECCO-Darwin a manyan kwamfutocin NASA, ya nuna wannan ɗagowar tana ƙara yawan tsirran lokacin zafi da kashi 15 zuwa 40 cikin 100 a yankin da aka duba. A lura cewa sakamakon lissafin kwamfuta ne da aka gwada da awo, ba ƙidayar da aka yi da hannu ba.

Masuntan gaɓar Gana da Kwaddibuwa sun san irin wannan, ko da yake nasu injin daban ne: tsakanin Yuli da Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa, kifin shawa ya yi yawa. A Ilulissat kifin da ake rayuwa a kansa shi ne qaleralik, wani faffaɗan kifin zurfi da ake kamawa da doguwar igiya mai ƙugiyoyi ɗaruruwa, daga ƙananan jiragen ruwa, da hunturu kuma ta ramin da aka huda a ƙanƙara. Kifi da jatan lande su ne kusan kashi 90 cikin 100 na abin da Girinlan ke fitarwa waje. Binciken da aka wallafa a 2017 ya kwatanta fiyod-fiyod na ƙasar, ya ga kamun wannan kifi ya fi yawa a waɗanda kogin ƙanƙararsu ke ƙarewa cikin teku.

Sai dai ribar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin zurfi ne. Idan ƙofar ta yi zurfi ainun, ginshiƙin kan gaji ya bazu tun bai kai inda haske yake ba. Idan ba ta da zurfi, ruwan da zai ɗago ba shi da takin kirki. Idan kuwa kogin ya ja baya har ya hau tudu, famfon ya mutu ke nan. Ruwan narkewar zai riƙa zuwa ta sama kamar Ogun, ya shimfiɗu, ya ƙara rufe takin a ƙasa, garin dutsen da ke cikinsa kuma ya tare haske. Ruwa iri ɗaya, yawa ɗaya, amma sakamakon ya juye. Don haka maganar cewa ƙarin narkewa ƙarin kifi ne, gaskiya ce mai wa'adi.

Batun iskar kabon ma bai kamata a yi gaggawar murna da shi ba. Tsirran suna zuƙar ta, amma sauyin da ruwan ya kawo wa saman teku yana rage yawan wadda tekun zai iya narkarwa. Nazarin 2025 ya ga ɗayan kusan yana cinye ɗayan.

Gwajin da malami zai iya yi a aji

Malaman kimiyya a makarantun Idi-Araba ko Mile 12 ba sa buƙatar ɗakin gwaji kafin su nuna wannan. A samu roba mai ganin ciki ta lita 10. A narkar da giram 210 na gishiri cikin lita 6 na ruwa, wato giram 35 a kowace lita, wajen cokalin cin abinci biyu a shafe, a sa masa ɗan shuɗin wanki. Wannan shi ne ruwan zurfi. A haɗa wata lita 2 da giram 30 kawai, ba kala. A ɗora soso ko ƙaramin faranti a kan na farko, a riƙa tsiyaya na biyun a kansa a hankali har ya kwanta a sama. Sannan a manna robar ƙarin ruwa irin ta asibiti a gindin bango ɗaya, bakinta na kallon kwance, a saki zoɓo mara sukari ta ciki, ɗigo-ɗigo. Za a ga jan yana hawa yana buɗewa, yana kwasar shuɗi, ya tsaya ƙarƙashin farin ruwan sama ya bazu.

Inda yake lalacewa sananne ne. In aka zuba ruwan sama kai tsaye, matakan biyu sun cakuɗe, babu inda ginshiƙin zai tsaya. In zoɓon da sukari, ya yi nauyi ya kwanta a ƙasa. In an bar iska a robar ƙarin ruwan, kumfa ce za ta ja ruwan sama, ɗalibai su ɗauki darasin da ba shi ba. In aka buɗe makunnin da yawa, ƙarfin turi ne zai yi aikin maimakon rashin nauyi. Wanda ke son nuna cin bango sai ya daskarar da ruwa a faranti, ya tokare shi a bangon da robar take, amma ya fara sanyaya ruwan gishirin a firji. Da ruwan famfon Legas ƙanƙarar za ta narke ta ko'ina kafin a ga zanen da ginshiƙin ya yi.

A ainihin wurin, awon ya fi haka wuya. Fiyod ɗin cike yake da tarkacen ƙanƙara, jirgin ruwa ba ya kusantar bangon, kuma curi guda in ya kife zai iya tada igiyar da za ta kifar da jirgi. Masu bincike suna jefa na'urar auna gishiri, ɗumi da zurfi daga jirgin sama ta 'yan sararin da suka buɗe, ko su manna ta a jikin dabbar ruwan nan mai suna sil, ita ta nutse ta kawo labari. Yawan ruwan da ke fita ta ƙarƙashi kuwa ba a taɓa sa masa mita ba. Daga lissafin narkewar sama ake fitar da shi.

Rabon Legas

Kifin Disko ba shi ne ake saukewa a Ijora ba. Kasuwarsa Asiya da Turai. Abin da ke isowa nan tsayin ruwa ne. Duk tan biliyan 360 na ƙanƙarar tudu da ta shiga teku tana ɗaga tekun duniya da milimita ɗaya. Sermeq Kujalleq shi kaɗai ya ba da kusan milimita ɗaya tsakanin 2000 da 2010. Girinlan gaba ɗaya tana asarar wajen tan biliyan 270 a shekara, a 2019 kuma ta rasa 532. Akwai kuma wani abin mamaki: ƙanƙara mai yawa haka tana jan ruwan teku zuwa gare ta da nauyinta, in ta ragu sai tekun da ke kusa da ita ya sauka, ruwan ya tafi wurare masu nisa. Ilulissat ba za ta ga tashin da ƙanƙararta ta jawo ba.

Kada a ɗora wa Girinlan abin da ba nata ba. Zaizayar da ta cinye Bar Beach ta samo asali ne daga katangun dutse da aka gina a bakin mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka tare yashin da ke gangarowa daga yamma. Ambaliyar unguwanni kuma galibi ta toshewar magudanai ce, da cike fadama, da nutsewar ƙasa. Amma waɗannan duka a kan tsayin teku suke hawa. Tun 1993 tekun duniya ya tashi da wajen santimita 10, kuma magudanar da ke zubar da ruwa cikin lagun ba ta aiki sai in lagun ɗin ya fi ta ƙasa. Santimita kaɗan sun isa su sa ruwan sama ya tsaya a titi har sai igiyar teku ta janye.

Ga mai bin lamarin daga nan, alkaluma biyu ne suka fi amfani: ɗumin ruwan Disko a zurfin mita 250, da zurfin dutsen da ke bayan bakin kogin. Na biyun an riga an auna shi da rada daga jirgin sama. Kwarin da Sermeq Kujalleq ke kwance a ciki ya yi ƙasa da tsayin teku da fiye da mita 1,000, kuma haka ya miƙe gomman kilomita cikin tsibirin. Ƙananan kogunan ƙanƙara da yawa na Girinlan sun kusa hawa tudu, wasu ma sun hau. Wannan kuwa duk inda ya ja baya, ruwan Atlantika zai bi shi har gindi.